Gonar Da Ta Kayar Da Hakimi

An yi wani Hakimi mai tumbi da ya faɗi tim a gonar Jatau, jama'a na kallo. Don ya rufa masa asiri, magatakardansa ya ce ai tauraron ɗan'adam ya auna, ƙasar gonar nan ta fi ko'ina jan abu.

Hakimi ya ce, "Jatau, ka hana ƙasarka ja kafin Juma'a, ko in ƙwace gonar!"

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ƙasar garin nan ta wa ce?"

"Tawa ce kaf!"

"To ai sai ka tsawata mata, ba ta jin maganar ɗan aro. Shekara talatin ina nomanta ba ta taɓa ja na ba. Mai ita ta gani, ta rungume."