Takardar Jinin Suruki

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, sunansa Mudi. Bawan Allah ne marar hayaniya, aikinsa gwajin jini a ɗan asibitin garin. Matarsa Uwani 'yar Alhaji Barau ce, mahaucin da balangunsa ya yi suna. Kun dai san yadda mutum yake da surukinsa. Mudi bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, in sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

Wata rana aka yi gwajin kitsen jini kyauta, Alhaji Barau ya je tare da amininsa Na'Allah. Na'Allah mai ƙiba ne, Alhaji kuwa siriri kamar sanda. Washegari Mudi ya kai musu takardunsu rumfar Alhaji. Alhaji ya dubi lambar farko, wato jimillar kitse, ya leƙa ta amininsa, ya ga tasa ba ta kai ba. Ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Ka gani ko, Na'Allah? Shekara arba'in ina cin kitse da ɓargo, ga shi na fi ka lafiya."

To, ku saurara. Mudi ya san abin da ke layi na biyu da na uku. Kitsen jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai maƙalewa a jijiya yana tsuke ta, akwai mai kwashe shi. Na'Allah mai kwashewar ne ya yi masa yawa, shi ya ɗaga jimillarsa. Alhaji kuwa mai maƙalewar ya haura, mai kwashewar ɗan kaɗan. Jimilla ta rufa masa asiri, amma jijiyoyin zuciyarsa na cikin haɗari.

Da Mudi ya yi shiru, wa zai zarge shi? Ai bai rubuta ƙarya ba. Kunya ta kama shi. Amma ya jira Na'Allah ya tafi, ya tsuguna, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni. Ba lambar sama kaɗai ake dubawa ba. Ta biyun nan ta yi yawa. A daure a ga likita, a kuma rage kitse."

Alhaji ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Kai da na ba 'ya, yau kai ne za ka ƙirga mini loma? Tashi ka ba ni wuri."

Wata uku Alhaji bai amsa gaisuwarsa ba. Wata uku, jama'a! Abin ya yi wa Mudi ciwo ƙwarai. Amma duk Juma'a sai ya je, ya tsuguna, ya gaishe shi, ya ƙara da cewa, "Baba, a ga likita."

Da Alhaji ya gaji, sai ya ɗauki takardar ya tafi babban asibitin birni, don kawai ya kunyata surukinsa. Likita ya karɓa, bai tsaya a lambar sama ba, ya ɗora yatsa daidai layin da Mudi ya nuna. Ya tambayi Alhaji me ya yi ajalin mahaifinsa. Alhaji ya tuna cewa tsohon a kasuwa ya dafe ƙirji ya faɗi, shi ma siriri. Ranar ya fara shan magani.

Alhaji bai ba da haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma da babbar Salla ya aiko da cinyar rago gidan Mudi, an fere kitsenta tas. Uwani ta juya naman, ta ce, "Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Baba ya cire kitse a nama ba."

'Yan'uwa, kunya aba ce mai kyau, amma kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiyar da rai ya rataya a kanta ba ladabi ba ce, cuta ce. Kowannenku yana da babban da yake jin nauyi, kuma ya san wani abu da bai faɗa masa ba. Ka tuɓe takalminka, ka tsuguna, amma ka faɗa.