Ɗakin Iri na Inusa Magini

Jama'ar wannan shafi, kun saba ina zolayarku. Yau ku yi haƙuri, abin dariyar kaɗan ne.

Akwai wani magini a wani ƙauye kusa da Gaffati, ana ce masa Inusa. Cikin farin shekarun tamanin ne, lokacin da sama ta ƙi, dabbobi suka zube, itatuwan da ake yin azara da su suka mutu a tsaye.

Sai wani furoje, wato shirin taimako, ya zo daga Damagaram da ɗan tallafi, a gina ɗakin ajiyar iri na gari irin ginin kakanni, ƙasa zalla, rufin ma na ƙasa. Aka ba Inusa aikin, don hannunsa na da kyau, kuma shi ma ya san da haka. Bakinsa ma ya sani.

Gini ya tashi, gwanin sha'awa. Inusa ya zagaye rufin da rawani, wato ɗan bangon nan na sama. Saura indararo, inda ruwan rufi zai bi ya zubo ƙasa. Na yumɓu ne, sai an je Mirriya wajen masu tukwane, ga jakin Inusa ya mutu tun bara. Ya ce zai je, bai je ba.

Taubashinsa Mala ya zo ya ɗaga kai, ya ce ɗaki ya yi kyau, amma kamar angon da aka naɗa wa rawani aka manta masa wando.

Inusa ya ce, "Kai raggo, yaushe rabonka da ganin ruwa? Indararon me zai zubar, rana?"

Aka yi dariya, har da Mala. Maganar ta wuce.

Kowane gida ya kawo ɗan geron da ya ɓoye. Delu, wadda mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ta kawo nata a ƙwarya, yaranta na biye da ita suna kallon ƙwaryar. Dattawa suka sa aka liƙe ƙofa da laka, don sun san yunwa ba ta jin magana. Ba mai buɗewa sai ranar shuka.

Haka aka ci rani, ana dafa ganye da dussa, ana wuce ɗakin ana kau da kai.

Wata la'asar hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi. Dattawa suka ce kar a shuka tukuna, irin wannan ruwan farkon ne ya yaudare su a baya, shuka ta fito rana ta ƙone ta. Inusa ya tuna rufi ba indararo, ruwa na kwance a kai. Amma in ya jingina tsani gari zai gani, Mala zai samu abin faɗa har ya mutu. Ya ce wa kansa rana za ta shanye.

Ranar ta shanye rabi. Sauran ya bi ta kusurwa ya sauka ciki a hankali.

Da damina ta zauna aka taru, aka fasa lakar ƙofa. Wari ne ya fara fitowa. Geron sama ya tsiro a duhu, fari fat, ya sarƙe kamar gashi. Na ƙasa ya ruɓe ya yi baƙi.

Ba wanda ya zagi Inusa. Ya so a zage shi.

Delu ta durƙusa ta ɗebi tsiron a hannu, ta daɗe tana dubawa. Ga gona ta jiƙe tana jira. Ta juyo ta ce masa a hankali:

"Malam Inusa, da ka faɗa mini tun ran nan, ai da na dafa wa yara."

Darasi: Kar tsawon wahala ya sa ka daina shirya wa rahamar Allah, kuma kar tsoron dariyar mutane ya hana ka gyara kuskure tun yana gyaruwa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda aka ba amanar jama'a.