Mutum Ɗaya a Saman Tirelar Shanu

A shekarun farko da aka yi jihar Yobe, akwai wani falken shanu a Potiskum, Alhaji Zakari na Yerimaram. Mutum ne mai busasshiyar zuciya. A wurinsa ma'aikaci ba shi da uwa ba shi da uba, hannu ne da ƙafa kawai.

Duk Laraba yakan loda shanu a tirela daga kara, wato kasuwar shanu, zuwa Fatakwal. Mutum biyu ke hawa sama su raka su, Tanko da Sule. Aikinsu su hana dabba kwanciya, don in ta kwanta sauran za su tattake ta. Ɗaya na barci, ɗaya na gadi.

Wata Talata Tanko ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, tsohona ɓarin jikinsa ya shanye a ƙauyenmu Mamudo. Ba mai juya shi sai ni. Ina roƙon sati uku."

"Ni na ɗora masa ciwon? Ubanka ne, ba nawa ba. In ka tafi kada ka dawo."

"Shekara tara ina bin shanunka, Alhaji."

"Kyauta ka bi su? Tashi ka ba ni wuri."

Tanko ya tafi. Washegari wajen lodi Abatcha direba ya ce, "Alhaji, a samo wani ya hau a madadinsa mana."

"Da aljihun wa? Sule abokinsa ne, shi ya ɗauki nauyin."

Sule ya ce, "Kwana uku ne fa ba runtsawa."

"Kai ma ubanka ya kwanta ne? Hau mota!"

Ran kwana na biyu, da rana tsaka, bayan sun wuce Makurɗi, barci ya sace Sule. Wani bijimi ya zame ya faɗi, ya ja na kusa da shi. Sule ya farka ya dira cikinsu, suka matse shi suka karya masa cinya. Kafin Abatcha ya tsaya, shanu shida sun mutu ba yanka, sun zama mushe.

Labari ya cika kara. Masu rakiya suka haɗa kai, ba wanda ya ƙara taka motar Alhaji. Laraba uku shanunsa na tsaye suna ramewa. Dole ya kama hanyar Mamudo. Ya tarar da Tanko ya jingina tsoho a ƙirjinsa yana ba shi kunu.

Alhaji ya ce, "To ya isa haka. Ka dawo aiki."

Tanko bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Alhaji, matsa. Kana tare masa iska."

Darasi: duk wanda ya ɗauki mutum aiki, ya sani yana da iyaye, kuma wata rana za su kwanta. Cike gurbinsa nauyin mai aikin ne, tunda shi ya ci moriyar shekarun lafiya. In ya ture nauyin kan abokin aiki, mutum ɗaya ba zai yi aikin biyu ba, kuma asarar ƙofar mai dukiya za ta nufa.