Fangalin Nafi'u na Danwarai

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya azurta ƙasar Jega da Shehinmu, al-alimul amil, mai ilimi da aiki da shi, mai tsantseni da zuhudu, wanda ya sha daga kogin fiƙihu da tafsiri har ya ƙoshi ya shayar da wasu, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa a murtuke ba, Allah Ya tsawaita ransa cikin ɗa'a. Karamominsa suna da yawa, amma zan ba da labarin guda ɗaya da na gani da idona, domin maƙwabcina ta faru da shi.

Nafi'u manomin albasa ne a ƙauyenmu Danwarai, mutum mai ƙwazo da barkwanci. A wata shekara, daf da ɗaukewar damina, ruwa ya yi ambaliya ya share irin da ya rena don dashe, bai bar masa ko tsinke ba, alhali lokacin dashe ya matso, kuma da albasar nan yake ciyar da iyalinsa da tsohuwarsa. Tun daga ranar sai zuciyarsa ta mutu. Idan ya yi sallar Asuba sai ya koma tabarma, rana ta fito ta take yana kwance, ba ciwo ba lafiya. Matarsa Barakatu ta yi lallashi har ta gaji, sannan ta aiko mini cewa in taimaka in kai shi wurin Malam kafin ya lalace. Na ɗora shi a bayan mashin muka nufi Jega.

Muka tarar da Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, a zaurensa ya sallami masu karatun hantsi. Kafin Nafi'u ya gama durƙusawa sai Shehi ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Ruwa ya tahi da iri, kai kuma ka bi shi da zuciyarka."

Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, rubutu nika so a yi min, ko in samu ƙarfin tashi."

Shehi ya ce, "Rubutunka kunun Barakatu ne, ka sha shi da zafinsa." Muka yi dariya, har shi Nafi'un, wanda rabon da a ga haƙoransa tun ranar ambaliya, duk da mamakin yadda Shehi ya san sunan matar da babu wanda ya ambata masa.

Sannan ya shiga gida ya fito da ɗan irin albasa a ƙulle cikin tsumma, wanda bai cika tafin hannu ba, ya tofa masa addu'a ya miƙa masa ya ce, "In ka yi Asuba kada ka koma kwance. Ka karya kumallo, ka taka da ƙafarka zuwa fadama, ka gai da duk wanda ka gamu da shi. Fangali ɗaya za ka gyara, ka zuba wannan iri a ciki, ka ba shi ruwa, ka ce Alhamdulillah. Aikin gobe na gobe ne."

Nafi'u ya bi umarni, da farko yana jan ƙafa kamar wanda aka tilasta. Amma gaisuwar hanya ta jawo hira, hira ta jawo raha, kuma mutumin da ya je don fangali ɗaya sai ya ji kunyar ya koma gida bai share na kusa da shi ba. Kafin irin ya isa cira, ya gyara gonar gaba ɗaya.

A nan ikon Allah ya bayyana. Duk manomi ya san abin da tafin hannu na iri zai iya dasawa, amma Nafi'u ya yi ta cira yana dasawa kowace safiya, washegari ya tarar da fangalin nan kore shar, cike maƙil kamar ba a taɓa shi ba. Ya cika gonarsa, ya kira waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna irin tasa suka ɗiba, har mutanen Kimba da suka ji labari suka zo da kwanduna, ni ma na cira da hannuna na dasa. Fangalin bai ƙare ba sai ranar da mabuƙaci na ƙarshe ya ce ya wadatu. Albasar shekarar kuwa ta yi ƙwai manya jajaye, rumbun Nafi'u ya kasa ɗaukarta.

Da muka koma muna ba Shehi labari, sai ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ku bar zancen iri, wannan ƙaramin abu ne ga Mai tsirar da shi. Ku gode Masa da Ya raya zuciyar bawansa."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake ɓoye asirinsa a cikin ƙananan ayyuka. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu kusanci da ɗaukaka, Ka yayyafa mana albarkarsa, mu da iyalanmu da gonakinmu, Ka tashe mu kowace safiya da zuciya mai rai. Amin.