Ƙwaryar Ladingo da Faifanta

Dalilin da ya sa baƙo ke rufe abincin da ya kawo, kuma ba a mayar masa da kwano wayam, ku matso ku ji. Ke mai buɗe kwanon mutane, da ke nake.

A da, a buɗe ake ɗaukar abinci, kowa ya ga miyar kowa. Sai wata shekara fara ta cinye gero. Akwai wata tsohuwa, Tasalla, mace mai zuciya, gara ta mutu da ta roƙa. Rumbunta ya ƙare, ga jikoki marayu, amma kullum sai ta hura wuta ta ɗora ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi.

Ƙanwarta Ladingo, da ke aure a ƙauyen gaba, ta samu labari. Ta tuƙa tuwo ta ɗauko a ƙwarya, a buɗe. Kafin ta kai ƙofar gida, matan bakin rijiya sun gama yayatawa: "Ashe ruwa Tasalla ke dafawa!"

Tasalla ta tare ta a zaure. "Mayar da abinki. Ni na goya ki, yau ke za ki tona mini asiri?"

"Yaya, yaran nan fa?"

"Na ce ki mayar!"

Ladingo ta koma tana kukan haushi. To amma nono ɗaya suka sha, taurin kan ma iri ɗaya. Washegari ta sake tuƙi, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta bi ta bakin rijiya tana ɗaga murya: "Kukar miyata ta ƙare, bari in je in roƙi Yaya." Ta wuce har cikin ɗaki ta dire.

"Yaya, ba zan motsa ba sai sun ci. Ki kore ni, gobe ma ina tafe."

Tasalla ta dubi jikokinta, duk idonsu yana kan faifai. Tausayi ya kama ta. Ta ce, "To, da sharaɗi. Ƙwaryar nan ba za ta fita wayam ba."

Yara suka ci. Tasalla ta wanke ƙwaryar, ta sa ɗan ƙullin kukar da ya rage mata, ta rufe.

Matan rijiya suka miƙa wuya har suka gaji. Ƙwarya ta shiga a rufe, ta fito a rufe.

Shi ya sa har yau ake rufe kwano, a mayar da shi da ko gishiri ne, ko ashana, don kada duniya ta san wa ya ciyar da wa.