Zinaren Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana. Yauwa, ta zo ku ji ta. Kai, zauna wuri ɗaya.

Ranar Laraba ce, ana zafi. Ƙasashen dabbobi sun taru gasa: gudu, tsalle, iyo, kokawa. Wanda ya yi nasara a rataya masa lambar zinare ko ta tagulla. Aka kafa allo gindin kuka, Hankaka ke rubutu. Abin da ya gani a wuya shi yake ƙirgawa, kuma zinare ɗaya ya fi tagulla ko nawa ne.

Kurege ne jagoran 'yan Ƙasar Rami. Sarkinsu Dabgi ya ce masa, "In muka zo na ƙarshe, wutsiyarka zan yanke."

Aka yi wasa, aka yi wasa. Rami tagulla uku kacal, tana can ƙasan allo, Ƙasar Kwaɗi kaɗai ke bayanta. Kurege ya je ya duba allo, ya shafa wutsiya. Ya dawo, ya koma, ya shafa wutsiya.

Sai ya sami Kura, wadda ta ci zinare a kokawa.

"Yaya Kura, duk ƙarfin nan naki, ɗaya tal suka ba ki?"

"Ɗaya."

"Wannan raini ne. Ga uku, kawo ɗayan."

Kura ta karɓa har da godiya. Hankaka ya duba wuya, ya ɗaga Rami sama.

Da Kurege ya tsaya nan, da shi ke nan. Ina! Sai ya hango Ƙasar Tsuntsaye da zinare huɗu. Ya shafa wutsiya, ya ruga gida, ya toya ƙuli-ƙuli manya, ya shafe su da mai suna ƙyalli, ya rataya wa Gafiya da Bushiya da 'ya'yansu. Hankaka ya rubuta Rami ta ɗaya.

To, al'adar wurin, mai zinare sai ya ciji lambarsa a ɗauki hoto. Mai hoto ya ce, "Ku ciza!"

Ƙurus! Ƙurus!

Gafiya ta ce, "Jagora, da sauran zinaren nan? Har da yaji!"

Hankaka na share zinarensu daga allo, suna tauna. Yana sharewa, suna tauna. Kura ta ga ashe ci ake yi, ta haɗiye tagullarta uku.

Hankaka ya dubi Kurege ya ce, "Ɓarawo! Mayar mata da zinarenta. Ke kuma ba shi tagullarsa."

Kura ta yi gyatsa. "Suna ciki."

"To, gobe da hantsi zan rufe allo. Wuyan da babu komai, babu komai."

Washegari da asuba Kurege ya ɗauki tsinke da ƙwaryar ruwa, ya laɓe bayan gidan Kura. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa. Biyu suka fito. Ya wanke, ya rataya, ya ruga. Hankaka ya toshe hanci ya rubuta. Rami ta haye Ƙasar Kwaɗi mai tagulla ɗaya, wutsiya ta tsira. Shi ya sa har yau kurege ke miƙewa tsaye yana leƙe.

Ƙurunƙus. In za ku yi zinaren ƙarya, kada ku sa masa yaji. Ku tashi ku kwanta.