Ƙugiyar da Kurege Ya Manta

Ga wata nan ta iso, ku gyara zama ku karɓe ta.

Wata shekara Giwa da Kura suka haɗa kai suka sayo na'ura mai hannu da ƙafa, ta riƙa yi musu aikin gida. Suka sa mata suna Ba-Musu. Ga ƙarfi ga karatu, sai dai ba ta gane kayan aiki da ido. Takardar da aka liƙa wa abu, ita take karantawa ta bi.

To ina Kura ta iya bayani? A jikin rariya ta rubuta "kwano", Ba-Musu ta wuni tana jido ruwa da ita daga rafi, randa ko jiƙewa ba ta yi ba. Giwa ta rubuta wa tsintsiya "a kawar da ƙazanta", na'ura ta tarar da Kura a kwance, ta hau ta da shara.

Kurege yana kan reshe yana kallo. Kwana uku rabonsa da abinci, ga gyaɗa jibge a ɗakin ajiyar Giwa, mabuɗin kuwa a wuyan Ba-Musu.

Da gari ya waye ya shafa toka a gemu, ya lanƙwasa kara ya yi tabarau, ya yi sallama.

"Ni ne Malam Tantance, sufeton rubutu. Na'ura arba'in na gyara wa hali, ko ɗaya ba ta yi mini gardama ba."

Giwa ta ce, "Malam, tamu dai wawuya ce."

"Ranki ya daɗe, ba ita ce wawuyar ba." Ya saci kallon Kura. "Bayanin ne gurgu. Takarda tana son abu uku: sunan abu, aikinsa, da abin da ba ya yi."

Ya rubuta, "Rariya. Tankaɗen gari. Ba ta riƙe ruwa." Nan take Ba-Musu ta zauna ta tankaɗe gari tas. Giwa ta kaɗa kunne don murna.

"Kada ki yi saurin murna. A dokar aikinmu, ba a sakin takarda sai an gwada ta." Ya liƙa wa ludayi, "A ɗebo fura a ba mai tabarau." Ba-Musu ta ɗebo ta ba shi. Ya lashe baki ya girgiza kai. "Gwaji ɗaya ba ya isa. Sai bakwai."

Kura ta haɗiye yawu. "Malam, a gwada a kaina mana."

"Yaya Kura, cikinki ba shi da ma'auni, zai ɓata mana sakamako."

Da gari ya waye Kura ta lallaɓa ta sace tabarau, ta maƙala a hanci, ta zauna jiran fura. Ashe Kurege ya hango ta. Ya cire takardar ludayi, ya liƙa wa muciya wata: "A tuƙa mai tabarau sai ya yi laushi." Ba-Musu ta tuƙa Kura daga bakin murhu har zaure.

Kurege ya karɓi abinsa yana busa masa iska. "Tabaran malamai ba ya zama a hancin kowa. Ni ne allura, ƙarama mai ɗinke babbar riga."

Da gari ya waye ya ce yau ranar gyaɗa ce. Ya jira rana ta take, masu gida suka kishingiɗa a inuwa. Ya jawo buhu, zai rubuta "A ɗaka", don a kai shi ɗakin ajiya a kulle shi tare da gyaɗa. Yunwa na gaggauta shi, ya manta bai sa wa harafin ƙugiyarsa ba. Shi da ya ce ba a sakin takarda sai an gwada, ya liƙa ta haka nan, ya faɗa buhu ya ja bakin buhun. Ni kam irin wannan garaje shi nake jiye muku tsoro kullum.

Ba-Musu ta zo ta karanta: "A daka." Ta saɓi buhu.

Kurege na ciki yana wa kansa kirari. "Sarki ma a doki yake tafiya, ni a kafaɗa."

Sai ya ji an dire shi a wani rami mai santsi. Kafin ya ce ƙala, taɓarya ta sauka, tim.

"Ke, ɗaka na ce! Ɗaka!"

Ba-Musu ta ce, "Abin da aka rubuta nake bi." Tim.

Ihun ya tashi masu gida. Giwa ta duƙa ta karanta takardar, ta leƙa turmi, ga wutsiyar kurege ta fito ta bakin buhu.

"Malam, wannan bayani naka ya fi duka fita. Ba-Musu, bari haka."

Kura ta dafa ƙugunta da har yanzu ke ciwo. "A'a, Yaya. Gwaji ɗaya ba ya isa. Sai bakwai."

A bugu na huɗu Kurege ya gaigaye buhu ya yi tsalle, toka ta kakkaɓe, tabarau ya karye. Ya bi ta ƙarƙashin cikin Giwa, sai bisa tsamiya. A kumatunsa akwai ƙwayar gyaɗa guda da ya tsinta a gindin turmi.

Ya shafa ƙululun goshinsa ya leƙo. "Na'urarku ta ci jarrabawa, ni shaida ne. Alƙalamin ne mara tarbiyya."

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙululu.